Wane injin dizal ya dace da janaretan gida?

Wani magidanci daga Kano ya aiko da tambaya. Gidansa mai ɗakuna huɗu ne, yana da AC biyu masu doki ɗaya da rabi, da firji, da firiza, da sumo mai doki ɗaya a rijiyar burtsatse, sai fankoki da fitilu da talabijin. Ya gaji da janaretan fetur, yana so ya koma dizal. A kasuwa an nuna masa abu uku: sabon ƙaramin janareta mai akwati an rubuta 6.5 kVA a jikinsa, da tsohon Perkins ɗan Baljiyam mai 30 kVA da aka yi masa farashi mai sauƙi, sai kuma wani bakanike da ya ce a sayo injin niƙa na Sin a haɗa shi da altaneta da bel. Wanne zai ɗauka?

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka biya. A cikin ukun nan babu wanda zan ce ka kai gida, kuma wanda ya fi jan hankalinka, wato babban nan mai 30 kVA, shi na fi tsorata maka.

Mu fara ƙirga kayan gidanka. Kowace AC mai doki ɗaya da rabi tana jan wajen wat 1,200 idan kwamfiresa na aiki, biyu ke nan 2,400. Sumo mai doki ɗaya yana jan kusan wat 1,100. Firji da firiza a haɗe mu ce 400. Fankoki biyar 375, fitilun zamani da talabijin da cajin waya kamar 300. Idan Hajiya ta jona dutsen guga, ƙara 1,200. Duka-duka, ko an kunna komai lokaci guda, ba ka kai kilowat 6 ba. Kuma hakan ba ya faruwa sai jefi-jefi. Da dare, bayan tanki ya cika an gama guga, gidan yana kan kilowat 3 da rabi. Lokacin sanyi da ba a kunna AC, da ƙyar zai wuce kilowat ɗaya.

To janareta mai 30 kVA kilowat 24 yake bayarwa, domin ana ninka kVA da 0.8 kafin a samu ainihin ƙarfin. Injin dizal kuwa ba ya son zaman banza. Dizal ba shi da fulogi, zafin matsewar iska a cikin silinda ne yake kunna man, kuma wannan zafin da matsin su ne suke tura rin ya manne da jikin silinda. Idan lodin da ke kansa ya gaza kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa na tsawon lokaci, cikin silinda ba ya yin zafin da ya kamata, man ba ya ƙonewa duka, ragowar ta haɗu da toka ta zama wani baƙin danƙo. Za ka fara ganinsa yana ɗiga daga mahaɗar salansa kamar kwalta, sai mutane su ce injin yana zubar da baƙin mai, alhali ɗanyen dizal ne da bai ƙone ba. Daga nan bakin nozul ya toshe, jikin silinda ya yi santsi kamar gilashi, rin ya daina riƙewa, dizal ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Kashi 30 na kilowat 24 ya haura kilowat 7. Gidanka ko a ranar da ya fi cin wuta bai kai nan ba. Ka sayi tirela ke nan don ɗauko buhu biyu daga kasuwa, kuma kullum. Na sha buɗe injuna irin wannan a gidajen masu hali, awanninsu ba su da yawa, amma kan fistin ya yi ɓawon baƙi mai kauri har sai an kankare shi, mai gidan kuma yana rantsuwa bai taɓa wahalar da injin ba. Gaskiya ya faɗa, rashin wahalarwar ce ta kashe shi.

Ga kuma kuɗin mai. Injin da yake ɗauke da lodi daidai, tsakanin rabi zuwa kashi 80 na ƙarfinsa, yana ba ka kimanin yunit 3 na wuta a kowace litar dizal. Idan lodi ya yi ƙasa sosai, sai ya koma yunit 2 ko ƙasa da haka, saboda injin yana shan wani kaso na mai don juya kansa kawai. A kilowat 3 da rabi ɗin nan naka na dare, babban zai sha sama da lita 2 a awa, wanda ya dace da gidan kuwa wajen lita ɗaya da rabi. Dizal ba ya cikin man da gwamnati ke tallafa wa tun kafin cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuma a 2024 litarsa ta haura naira 1,000. Lissafa da kanka: ko a lodi mai kyau yunit ɗaya ya haura naira 330, ban da juye da gyara, alhali da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawa, a Afrilun 2024, naira 225 ta sa, kuma ƙasa ta ɗauki ƙara. Sauƙin farashin da aka yi maka a kan babban injin, cikin shekara guda gidan mai zai karɓe shi.

Sai ƙaramin mai 6.5 kVA. Wutar ƙasarmu 50 Hz ce, kuma hanya biyu ake samun ta: ko injin ya yi juyi 3,000 a minti da altaneta mai fol biyu, wato kawunan maganaɗisu biyu, ko ya yi 1,500 da mai fol huɗu. Waɗannan ƙananan masu akwati kusan duk silinda ɗaya ne mai sanyaya kansa da iska, irin wanda ake kira 186F, an kwaikwayo shi daga ƙirar Yanmar ta Japan, kuma juyi 3,000 yake yi. Ninki biyu ke nan na gudun ɗan'uwansa, a cikin rufaffen akwati, a zafin Afrilu na Kano. An ƙera shi ne don wanda ake ɗauke wa wuta sau 'yan kaɗan a wata. Kai kuwa idan awa 6 kake kunnawa kowane dare, a shekara ka yi awa wajen 2,200. Abin da muke gani a gareji shi ne irin wannan yana fara neman rin da bal bayan 'yan dubban awanni, mai juyi 1,500 mai lagireto kuwa, idan ana yi masa juye a kan lokaci, yana haura awa 10,000 ba a buɗe shi ba, wasu su ninka haka. Ƙari a kan wannan, abin da yake iya riƙewa a zahiri bai fi kilowat 4 da rabi zuwa 5 ba. Injin lantarki irin na sumo ko kwamfiresar AC yana fizgar wuta ninki uku zuwa shida na abin da yake ci a daƙiƙun farko na tashi. AC ɗaya na aiki, ta biyu ta zo tashi, sai ka ji janareta ya durƙusa, fitilu su dusashe. Wannan durƙuson shi yake ƙona kwamfiresa a hankali. Ba na kushe shi ga mai shago ko mai ɗaki biyu da firiza ɗaya. Gidanka ne ya fi ƙarfinsa.

Shawarar bakaniken nan ba ta banza ba ce, kuma ina ganin girman masu wannan aikin. Injunan Sin masu silinda ɗaya a kwance, S195 da S1100 da ZS1115, su ne suke riƙe da niƙa da walda da ban ruwa a ƙauyukanmu. Kayan gyaransu na nan a kowace kasuwa, kuma da wuya ka je garin da babu wanda zai kwance shi ya mayar a yini ɗaya. Kafin su akwai Lista, na kamfanin R.A. Lister da ke Dursley a Ingila, wanda samfurinsa na CS ya fito a 1929, mafi shahara a cikinsu yana juyi 650 kacal a minti, aka daina ƙera shi a can a 1987, Indiyawa a Rajkot suka ci gaba da kwaikwayonsa. Har yau akwai waɗanda suka girmi masu su suna aiki. Amma a tsakiyar unguwa, ƙarar ZS1115 da girgizarsa za su haɗa ka da maƙwabta kafin sati ya zagayo. Tukunyar ruwansa a buɗe take, ruwan na tafasa yana ƙonewa, sai an riƙa ƙarawa, wanda ke nufin wani zai tashi cikin dare. Bel yana saki, wuta ta yi ƙasa. Gwamnansa, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, ba ya riƙe gudu daidai, kuma altanetan da aka saba haɗa masa mai burushi ne, sau da yawa babu na'urar daidaita wuta. Injin niƙa ba ruwansa da haka, amma allon AC da talabijin da inbata ba sa yafewa. Da a gona ne ko gidan kaji, da na ce bismillah.

Abin da zan ce ka nema shi ne inji mai silinda uku, mai lagireto, mai juyi 1,500, marar tobo (na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji), mai famfon mai na gargajiya wanda ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, ƙarfinsa tsakanin 10 zuwa 13 kVA. A gidan Perkins wannan shi ne 403A-15G1 mai 13 kVA, ƙaninsa 403A-11G1 kuma 9 kVA ne, ya ɗan yi maka kaɗan sai dai in za ka riƙa jera kayan, kada sumo da guga da AC biyu su haɗu. Kubota da Yanmar suna da masu silinda uku a wannan girman, kuma injuna ne na ƙwarai. Akwai na Sin masu silinda uku da huɗu da suka fi araha, wasunsu suna aiki yadda ya kamata, sai dai ingancinsu ya danganta da masana'antar da ta yi su, suna ɗaya za ka gani a jiki amma ciki daban-daban. Ni ba sunan kamfani nake fara dubawa ba. Kafin ka tsayar da magana, rubuta lambar injin a takarda, ka shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, wanda ke Kaduna ya shiga Fanteka, ka tambayi filtar mai da ta dizal da ta iska, da nozul, da gaskit ɗin tof, da famfon ruwa, da rin. In ka same su a shago biyu ko uku ba tare da an ce sai an yi odar su daga Legas ba, wannan injin naka ne. In kowa ya juya takardar yana kallonka, bar shi komai kyansa. Dalilin da ya sa Perkins ya cika gidaje da asibitoci da bankuna a Najeriya ke nan, kayansa da masu gyaransa sun yaɗu.

Me ya sa na ce 13 bayan lodinka bai kai kilowat 6 ba? Saboda lambar da ke jikin allo ba a Kano aka auna ta ba. Ana auna ƙarfin inji ne a zafin digiri 25, kusa da gaɓar teku. Kano tana kusan mita 480 sama da teku, kuma a bazara zafi yana haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi, injin marar tobo kuma abin da ya shaƙa da shi yake aiki. Ka cire kashi 10 zuwa 15 daga abin da aka rubuta, wanda yake Jos ya cire fiye da haka saboda tudu. Kilowat 10 da ɗoriya na mai 13 kVA ya dawo wajen 9. Lodinka mafi girma ya zama kashi biyu cikin uku, na dare kuma ya haura kashi ɗaya cikin uku, sannan da sauran sarari na tashin sumo. Sai kuma ka lura, allon yakan ɗauki lamba biyu, ɗaya an rubuta Standby, ta aikin ko-ta-kwana, ɗaya Prime, ta aikin kullum, ta farkon ta fi ta biyun da kusan kashi 10, kuma ita 'yan kasuwa suke faɗa maka. A ƙa'idar janareta ta duniya, ISO 8528, lambar farkon ta injin da ba ya wuce awa 200 ne a shekara. Kai cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki za ka cinye wannan. Da lamba ta biyu za ka yi ciniki.

Na nace a kan famfon gargajiya saboda dizal ɗin da muke samu. Sababbin injunan Turai masu kwamfuta suna fesa mai da matsi mai tsananin gaske ta ƙofofin da ido ba ya gani sosai, ɗigon ruwa ko ƙura kaɗan ya isa ya lalata su, gyaransu kuma sai da na'ura. Namu dizal ɗin yana biyowa ta durom da jarka, wani lokaci an sirka shi da kananzir, wanda ba shi da maiƙon da famfo yake buƙata don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Famfon gargajiya yana da haƙuri, kuma akwai masu saita shi a gari. Duk da haka ka sa filta mai raba ruwa da mai, irin mai kofin gilashi a ƙasa, tsakanin tanki da inji, ka riƙa leƙa kofin. Ranar da ka ga ruwa ya kwanta a gindinsa mai yana sama, ka san abin da ka tsallake. Kuma ka tsayar da gidan mai ɗaya da ka yarda da shi.

Altaneta rabin janareta ne, amma mutane injin kawai suke kallo. Nemi marar burushi, mai AVR, wato na'urar daidaita wuta, mai naɗin jan ƙarfe zalla. Stamford da Leroy-Somer da Mecc Alte su ne sanannu, kuma saboda sanuwarsu ake yawan manna sunansu a jikin abin da ba nasu ba, don haka a duba lambar jiki, kada a tsaya ga fenti. Batun fes ma yana da muhimmanci. Janareta mai fes uku yana raba ƙarfinsa gida uku ne, mai 13 kVA kowane layi bai kai amfiya 19 ba. Idan mai wayarin ya tara AC biyu da sumo a layi ɗaya, wannan layin zai yi zafi ya ƙone alhali sauran biyun na zaune. Ba ka da wani inji mai fes uku a gidan, saboda haka mai fes ɗaya ya fi maka kwanciyar hankali. In mai ukun ka samu, to a zauna a raba kayan gidan daidai a kan layukan, a auna da mita ana gani.

Idan kuɗin sabo ya gagara, na hannu ba laifi ba ne, amma da sharaɗi. Ka je da bakanikenka, ba na mai kaya ba, kuma ku je da sassafe. Ɗora hannu a kan injin, in da ɗumi an riga an tayar da shi kafin ku zo, ku dawo gobe. Lafiyayyen inji yana kamawa daga sanyi cikin daƙiƙu kaɗan, ya yi ɗan hayaƙi ya washe. Yana aiki, a buɗe murfin zuba baƙin mai a ɗora shi sako-sako a bakin ramin. In ya zauna yana ɗan rawa, da sauran rin. In iska tana cilla shi sama tana busa hayaƙi, injin ya gaji. A leƙa bakin lagireto tun injin bai yi zafi ba, kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa alamar gaskit ce ko tsagewar tof. Hayaƙi shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, fari da ba ya ɗaukewa nozul ne ko ruwa na shiga, baƙi kuwa ko lodi ya yi yawa ko iska ba ta isa. Kada ka yarda da agogon awanni, canza shi ba wuya. Sannan a ɗora masa lodi na gaske, hita da dutsen guga da duk abin da za a samu har ya kai kashi 70 ko 80, ya yi awa guda, mita na jone. Ba lodi zai nuna kamar 52 Hz, da lodi ya sauko kusa da 50 ya tsaya nan. In ya gangara 47 yana aman baƙin hayaƙi, ƙarfin da aka rubuta babu shi. Mai kayan da ya ƙi a yi wannan gwajin, ka yi masa sallama cikin mutunci. Ka kuma kula da waɗanda aka shigo da su daga Amurka, can 60 Hz suke amfani da ita, injin na juyi 1,800. Ana iya rage gudunsa zuwa 1,500, amma kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin ya tafi, wani lokaci ma sai an sake haɗa wayoyin altanetan.

Saura matsalar lokacin sanyi da tsakar dare, sa'ad da gidan ba ya cin fiye da kilowat ɗaya. Ko mai 13 kVA ɗin ma wannan ya yi masa kaɗan. Maganin da na fi gamsuwa da shi shi ne inbata da batir, ko da babu sola tukuna. Da magariba a tayar da janareta awa uku ko huɗu, a cika tanki, a yi guga, AC ta sanyaya ɗakuna, batir na caji, injin na ɗauke da lodin da yake so. Sai a kashe, fankoki da fitilu da firji su kwana a kan batir. Mai ya ragu, awannin injin sun ragu, unguwa ta samu barci.  Kafin a kai ga haka, duk sati biyu ka ba shi awa ɗaya ko biyu da lodi mai nauyi don ya ƙone abin da ya taru a cikinsa.

Wajen girkawa akwai abu biyu da nake roƙonka kada ka yi sassauci a kansu, domin rai ne a ciki. Hayaƙin dizal yana kisa kamar na fetur, kada a ajiye shi a zaure ko baranda ko ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, a ja bututun salansa ya haura katanga. Sannan a sa canjoba ta ƙwarai da ke raba wutarka da ta layin gwamnati gaba ɗaya. Janaretan da aka jona kai tsaye yana tura wuta baya ta cikin taransifoma, ma'aikacin da ya hau fol yana zaton layi a mace yake, shi zai gamu da ita. A kafa masa sandar as, wato ƙarfen da ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, a yi masa dakali na kankare, a bar sarari a gaban lagireto don iska mai zafi ta fita kada ta dawo.

Juye kuwa, littafin wasu injunan yana cewa awa 500, amma da ƙurarmu da man da muke samu ni awa 250 nake ba mutane, da baƙin mai 15W-40 na injin dizal, a canza filta tare. Sabon inji ko wanda aka zuba wa rin, juyen farko a bi abin da littafinsa ya ce, galibi da wuri ake yi. Lokacin hunturu a riƙa duba filtar iska kowane sati, a hure haƙarƙarin lagireto daga ciki zuwa waje, kuma a zuba masa ruwan lagireto na kanti, domin ruwan rijiya yana barin gishiri a cikin bututun har ya toshe su. Ka rataye ƙaramin littafi a jikin bangon ɗakin janaretan, duk wanda ya zuba mai ko ya yi juye ya rubuta kwanan wata da awa da lita. In ka samu wanda kake so, ɗauki hoton allon injin da na altanetan ka turo, mu duba lambobin tare kafin ka biya.